Shekarar da Na Bar Sahun Gaba

Ku 'ya'yana, na san abin da kunka ji game da shekarar da na dawo daga Sakkwato, don garin Wurno ba ya ajiye magana, sai dai ya ƙara mata gishiri ya miƙa ma na gaba. Wasunku sun ji cewa ubanku ya sauya aƙida. Wasu sun ji cewa na raina Baba Liman, mutumin da ya raɗa ma kowanenku suna. Ke kuwa Luba, kin fi kowa shan wahalar maganar, kuma har yau ban zaunar da ke na gaya maki mafarinta ba. Harshen nan nawa da ke iya sayar ma manomin albasa albasarshi, a nan ya kasa. To ga shi na rubuta. Ku karanta in ba ni kusa, kuma kada wanda ya dube ni da idon tausayi in mun haɗu a tsakar gida.

Kun san ni. Dillancin albasa da tafarnuwa na tashi da shi, kuma daga Goronyo har Gandi babu kasuwar da ba ta san muryata ba. In na yi dariya a tashar Wurno, awaki kan tsinke igiya a Rabah. Ban taɓa shiga taro na fito ban bar wani riƙe da ciki ba. A masallacin unguwarmu kuwa wurina sananne ne: sahun gaba, bayan Liman, ɗan dama kaɗan. Nan mahaifina Sanda ya tsaya har ya rasu, nan na gada, kuma ko baƙo ya riga ni sai a taɓa shi a ce mashi ya matsa, mai wurin na tafe.

Sai fitsari ya fara yi mani gardama. Na sha saiwoyin da in an haɗa su za su yi dajin Gundumi, bai ji ba. Da na je babban asibiti a Sakkwato, likita ya ce ciwon daji ne a wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, tsokar da ban san Allah ya ba ni ita ba sai ranar da ta tashi kashe ni. Ya ce za a yi mani gashi da na'ura, kullum, na tsawon makonni. Na sauka gidan Nasiru, ɗan ƙanena. Nasiru yaron kirki ne, ya yi mani hidimar da ɗan cikina zai yi, amma ku riƙe wannan don zai yi amfani gaba: yana cikin masu cewa ba a addu'ar taro bayan sallah, ba a sadakar bakwai, ga gemu har ƙirji, kuma duk Wurno an san shi da haka.

Gashin kanshi ba komai ba ne. Za a sa ka sha ruwa har cikinka ya koma salka, a hana ka zagayawa, ka kwanta, wata na'ura mai girman motar yashi ta yi ta kewaya ka tana ƙugi. Ba zafi, ba wuta. Ranar farko na ce ma ma'aikaciyar da ke gyara mani kwanciya:

"Yarinya, wanga gashin naku ko ƙwai ba ya dahwawa."

Ta yi murmushi ta ce, "Baba, ka dai bari tukuna."

Ta fi ni gaskiya. Likita bai ɓoye mani komai ba, ya ce hasken da ke ƙona ciwon yana taɓa maƙwabtanshi, mafitsara da hanji, kuma wasu kan warware da wuri, wasu sai a hankali. Ni na ji da kunne ɗaya, don na ɗauka irin wannan magana ta raggwaye ce. Kafin a gama gashin fitsari ya koma kamar ana zuba mani barkono. Bayan an gama, zafin ya ragu, sai ya bar mani abin da ya fi shi muni: ba ya sallama. Da in ji shi da in gan shi duk lokaci guda ne. Cikina ma ya koyi halin, in ya ce yanzu, to yanzu yake nufi. Ga wata gajiya da ban taɓa sanin irinta ba, ni da nake ɗaga buhun albasa ina ba da labari, sai ga shi ɗaga buta na neman shawara. Akwai kuma abin da ya shafi tsakanina da uwarku Kulu, wanda ba naku ba ne. Abin da zan ce kawai, matar nan ta rufa mani asiri rufin da ban isa in biya ba.

Ita ta yayyanka tsofaffin zannuwanta masu taushi, ta ninke, ta miƙo mani ba tare da ta dube ni ba. Na juya abin a hannuna na ce:

"Wanga mi na na?"

"Ka sani, Malam."

"Ƙunzugu? Ni? Da hurhurata?"

"To ka zaɓa, ko shi ko wankin wando goma kullum. Hannuwana sun gaji."

Na ɗaura. Ranar ban yi ma kowa dariya ba.

Yanzu ku dubi yadda abubuwa sunka jeru, ku gaya mani in ku ne mutanen unguwa mi za ku ce. Na dawo daga gidan Nasiru da gemu, don ba ni iya zaman wanzami, kafin ya wasa aska na tashi sau uku. A masallaci, da Liman ya yi sallama sai in zabura in yi waje, ban tsayawa addu'a, alhali da ni ne mai amin ɗin da ake ji har bakin kasuwa. Aka yi rasuwa a Shinaka, dangin uwarku, ban je sadakar bakwai ba, don hawan kabu-kabu a hanyar nan da mafitsara irin tawa ba tafiya ba ce, ban-ruwa ne. Aka yi zaman Mauludi a ƙofar gidan Liman, ban leƙa ba. Kowane ɗaya da dalilinshi, kuma dalilin guda ne, yana cikin wandona. Amma wa ya sani?

Sai ranar da ta ƙarasa ni. Sallar la'asar ce, lokacin zafin bazara, na sha ruwa fiye da ƙa'ida. Muna raka'a ta biyu, na duƙa ruku'u, sai na ji abin ya zo, ba ɗigo ba, ambaliya, kamar an buɗe dam ɗin Goronyo. Tsumman ya cika ya wuce. Na tuna tun muna yara an koya mana cewa wanda alwalarshi ta karye cikin sahu ya kama hancinshi ya fita, don a zaci haɓo ya yi. Na kama hanci, na tattare babbar riga, na ratsa sahu ɗaya bayan ɗaya har ƙofa. Rigar ta rufa mani asiri, ba wanda ya ga komai. Abin da sunka gani shi ne Umaru dillali ya yanke sallah a bayan Liman, ya toshe hanci kamar mai jin wari, ya fice. Kafin magariba labarin ya kai Rabah, kuma a can an ce har tofar da yawu na yi.

Daga ranar ban sake taka masallacin ba. Ina sallah a ɗaki, ina sake alwala har fatar hannuna ta yi fari, kuma rabin sallolin ban san ko sun karɓu ba. Kasuwa ma na rage. In na ji sallama a zaure sai in ce a ce ina barci. Wani Alhaji Ɗan'ige, mai shagon taki, wanda Allah ya hore ma baki kusan irin nawa amma babu daɗi a ciki, shi ya ɗauki maganar ya yi ta yawo da ita: an juye ma Umaru kai a Sakkwato, yanzu ya ce sallar iyayenmu ba sallah ba ce. Na ji, kuma ga abin da nake so ku fahimta: da na ji, sai na samu sauƙi. Mutumin da ya sauya aƙida ana jin haushinshi, amma namiji ne, ana gardama da shi. Mai ƙunzugu fa? Na gwammace a zage ni da a tausaya mani, na ja bakina na yi shiru.

Shirun nan a kanki ya faɗa, Luba. A lokacin an riga an kawo gaisuwar neman aurenki daga gidan Liman, don jikanshi Bashiru, kuma saura a zo a sa rana. Malam Haliru, ƙanen Liman, shi ke riƙe da maganar. Aka ce bayan an kwashe albasa. Aka kwashe, ba su zo ba. Aka ce bayan ruwan farko. Ruwa ya sauka, gero ya tsiro, ba su zo ba. Ba su ce sun fasa ba, mutanen kirki ne, amma wa zai kawo goro gidan wanda ya toshe hanci a bayan yayanshi? Ina jin kukanki ta bayan katanga, kina tambayar uwarki ko wani abu anka ce kin yi. Wata safiya uwarku ta ajiye mani koko ta tsaya a kaina.

"Malam, ka tahi ka hwaɗa ma Liman gaskiya."

"In ce mashi mi? Allah gafarta Malam, na koma jinjiri?"

"Ka ce mashi ba ka da lahiya. Ciwo zunubi na?"

"Ke ba ki san maza ba."

"Na san su. Ni ka wanke tsummansu. Ɗiyarka ta rame, kai kana nan kana gadin girmanka."

Ban je ba.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne Mamman, taubashina na Gandi, ɗan gwaggona. Kun san tsakaninmu. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba, ni in ce mashi bawana, shi ya ce mani bawanshi, kuma al'ada ta ba shi izinin ya faɗa mani abin da ko Sarki ba zai faɗa ba. Ya zo ranar wata kasuwa, bai yi sallama a zaure ba, ya kutsa har tsakar gida yana kururuwa.

"Ina sabon malamin? An ce ka yi gemu kamar bunsurun layya! Hito ka yi muna wa'azi, bawana!"

Sai idonshi ya faɗa kan igiyar shanya. Tsummoki a jere, fal, a gidan da autarshi ta isa aure.

"Kai! Kulu ta haihu ba a hwaɗa muna ba? Tsoho da kai, ashe gashin nan ƙarhi yaƙ ƙara ma! Ina jinjirin?"

Uwarku ta shige ɗaki. Ni ina zaune kan tabarma a inuwa. Ya dube ni, ya dubi igiyar, ya dubi butoci biyu da ke gefena. Na ga lokacin da ya gane. Mamman, wanda ko a makabarta sai an harare shi kan barkwanci, ya bar wasan. Ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya sassauta murya ya ce:

"Sannu, Umaru. Ya jikin?"

Tun da uwata ta haife ni Mamman bai taɓa kirana da sunana ba. Wallahi barkonon da na sha a Sakkwato bai kai wannan sannun zafi ba. Na ce mashi:

"In ka sake ce mani sannu, sai na hwasa ma kai da butag ga. Zage ni, ko ka tashi ka koma Gandi."

Ya share ido da hannun riga, ya ce:

"To tashi, mai jego. Sa rigarka. Wawan banza, ka bari ana zagin gidanmu da sauya aƙida saboda hitsari? Awakina na yi kullum, ba wanda yab bar gari. Gidan Liman za mu, ko ka taka ko in goya ka, ga zanen goyo nan birjik a igiya."

Daga gidanmu zuwa gidan Liman ba nisa, amma ranar na ga kamar ana ja mani hanyar. Mun iske shi a zaure kan buzunshi, ya tsufa ƙwarai, Malam Haliru na gefe. Liman ya amsa gaisuwata kamar yadda ake amsa ta baƙo. Ban san sanda na zube gabanshi ba. Na yi ta kewaye-kewaye, ina maganar asibiti, ina maganar na'ura, har Mamman ya zungure ni da gwiwar hannu. Sai na runtse ido na faɗa, da sunan komai, har tsumman. Na ji muryata kamar ta wani. Da na buɗe ido, Malam Haliru ya sunkuyar da kai, Liman kuwa yana kallona, idonshi ya kawo ruwa.

"Umaru, ni na yi ma ubanka wanka. Da hannun ga. Kana ganin akwai abin da ke jikin ɗan Adam da zai ba ni mamaki?"

"Kunya ta, Baba."

"Kunya ta sa ka bar ni ina kwana ina tunanin mi na yi ma ɗan Sanda? Na bincike karatuna, na bincike sallata, na ce ko wani kuskure ka gani."

Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Ina can ina gadin asirina, ashe tsoho na nan yana tuhumar kanshi.

Sai ya yi mani bayanin da da na nema tun farko da na huta. Ya ce wanda fitsari ke zubo ma ba da ikonshi ba, kuma ya zame mashi yawancin lokaci, mai uzuri ne, malamai sun daɗe da sanin irinshi. In lokacin sallah ya yi, in yi tsarki, in sauya tsumma, in yi alwala, in zo da 'yar dardumata, abin da ya fito bayan nan ba ya kore ni daga sallah. Limanci ne kawai bai so in yi, ya ce dama ba wanda ya roƙe ni. Mamman ya ƙyalƙyale. Har na fara jin iska na shiga ƙirjina, sai Malam Haliru ya yi gyaran murya.

"Mu mun ji, kuma mun gamsu. Amma abin a gaban jama'a anka yi shi. Mutane na cewa gidanmu zai haɗa zuri'a da wanda yar raina Malam. Mu ba mu iya bin su gida-gida, kuma ba mu hwaɗin sirrinka. Bakinka na."

Ba sharaɗi ya gindaya ba, gaskiya ya faɗa. Ana haka ladan ya kira azahar.

Na koma gida na shirya yadda Liman ya ce, na ɗauki darduma. Da na iso, masallaci ya kusa cika, kuma wurina na sahun gaba wani na tsaye a kai. Na tsaya bakin ƙofa ina cire takalmi, sai ga muryar Alhaji Ɗan'ige, yadda kowa zai ji:

"A'a! Yau an dawo addinin iyaye? Ko hancin ya warke?"

Kawuna sunka juyo gaba ɗaya. Ina da amsoshi goma da za su sa a yi mashi dariya har shekara, sun zo mani har bakin harshe. Amma in na yi wasa, maganar na nan inda take, ke kuma kina gida kina jira. Na ce, da muryar nan tawa ta kasuwa, don ba ni da wata:

"Jama'a, ban sauya komi ba. Gashin da anka yi mani ya bar ni ba ni riƙe hitsari. Ranar da na hita, zubo mani yay yi. Yanzu haka da tsumma nike tsaye gabanku. Shi ke nan."

Na saba in na rufe baki a yi dariya. Rannan ko tari ba a yi ba. Alhaji Ɗan'ige ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. Wani ya ce Allah ya sawwaƙe, wasu sunka amsa a ciki-ciki. Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwar Goronyo ranar da ta fi cika, kuma ba zan yi maku ƙarya ba, har yau in na tuna sai na ji zufa a bayana. Tun daga ranar akwai masu yi mani dariya rabi-rabi, suna yi suna duban ƙasa, kuma wannan bai gyaru ba.

Wanda ke wurina na sahun gaba ya fara matsawa, yana yi mani alama in zo. Na dubi sahun da zan ratsa, na dubi ƙofa, na san ba wurina ba ne kuma. Sai na ji an ja mani gefen riga. Baba Sahabi ne, tsohon makiyayin nan da ba ya magana, zaune a ƙarshen sahun baya, jikin ƙofa, shi da wasu tsofaffi biyu, kowa da 'yar dardumarshi. Shekara da shekaru ina wuce su a nan, na ɗauka iska suke so. Ya matsa, ya buga ƙasa da tafin hannu.

"Shimhiɗa nan. Nan na wurinmu."

Aka tada sallah. A raka'a ta uku abin ya zo, na ji ɗuminshi, hannuna ya fara tafiya wajen hanci da kanshi. Na maido shi. Na yi ruku'u, na yi sujada, na kai har sallama. Liman ya yi addu'a, na ce amin a hankali.

Mutane sunka fara fita, suna raɓa mu. Malam Haliru ya tsaya daidai kaina yana neman takalminshi da ƙafa, ya ce da ƙarfi, ba tare da ya dube ni ba:

"Malam Umaru, gobe bayan la'asar muna tahe gidanka, kan maganar yaran ga."

Ya kamata in miƙe in kama hannunshi. Ban iya ba, don ban san yadda bayan rigata take ba. Daga zaune na ce Allah ya kai mu. Baba Sahabi ya dube ni ta wutsiyar ido, ya gane, ya ciro tasbaha ya gyara zama. Munka zauna ni da shi, kamar masu dogon lazimi, har masallaci ya watse.